Yawon ganin tashar sola ta Saih Al-Dahal a Dubai: wurin ya burge ni, kamfanin da ya kai mu kuma sai da gyara

Bari in fara da hukuncina kafin dogon bayani, don na san wasu layi biyu kawai za su karanta su wuce. Tashar sola ta Mohammed bin Rashid Al Maktoum da ke Saih Al-Dahal wuri ne da ya cancanci mutum ya ware rabin yini ya je ya gani da idonsa, ko mazaunin Dubai ne ko sari ya shigo yi zai koma. Amma kamfanin yawon buɗe idon da ya kwashe mu ya kai mu can tauraro uku zan ba shi cikin biyar, ba ƙari. Mota lafiya, direba lafiya, lokacin tashi sun kiyaye, sai dai ɗan jagoran da suka haɗa mu da shi bai san wurin da yake nuna mana ba, kuma a irin wannan tafiya bayanin shi ne rabin abin da ka biya kuɗi a kai. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ire-irensu suna da yawa a gari kuma tallarsu kusan iri ɗaya ce, abin da zan faɗa zai maka amfani ko wanne ka ɗauka.

Ni aikin wayarin nake yi a nan Dubai, kuma yanzu kaso mai yawa na aikinmu ɗora fanel ɗin sola ne a kan rufin sito-sito da gidaje ƙarƙashin tsarin Shams Dubai da DEWA, hukumar wuta da ruwa ta Dubai, ta fito da shi a 2015, wanda in wutar da rufinka ya samar ta fi wadda ka sha sai rarar ta koma layi a rage maka a bil na gaba. Kenan ni ba baƙo ba ne a harkar, amma tsakanin rufin sito ɗaya da abin da ke cikin hamadar nan akwai tazara mai nisan gaske, shi ya sa da wasu 'yan uwa 'yan kasuwa a Deira suka ce za su haɗa kuɗi a je, ban yi wata-wata ba na ce a sa da ni. Ta WhatsApp aka yi komai, suna amsa saƙo da wuri gaskiya, suka karɓi hoton Emirates ID ko fasfo na kowa, kuɗin kuma da aka raba mana bai yi nauyi ba tunda muna da yawa. Kosta ce mai tsafta suka kawo, iyakwandishan na aiki har kujerar baya, ga ruwan sanyi a kula. Direban mutum ne mai natsuwa, ba gudu ba wasa da waya, kuma ba tare da mun roƙa ba shi da kansa ya tsaya mana a masallacin wani gidan mai muka yi sallah. Wannan ɓangaren ba ni da ta cewa.

Tashar tana kudu da birni, wajen kilomita 50. Ta hanyar Al Qudra muka bi, kana barin gine-gine na ƙarshe sai yashi da bishiyoyin ghaf jefi-jefi da shingen gonakin raƙuma, yankin kuma yana maƙwabtaka da wurin kare namun daji na Al Marmoom don haka in ka sa ido ta taga za ka iya hango barewa. Toh kana cikin wannan tafiyar, tun ba ka ga fanel ko ɗaya ba, sai ka hango wani abu can sama yana ƙyalli fari fat, irin farin da ido ba ya iya tsayawa a kai. Duk motar sai da aka yi tsit, kowa ya ɗaga waya. Wannan ita ce hasumiyar kashi na huɗu na tashar, wanda ake kira Noor Energy 1, tsayinta mita 263 da ɗoriya, kuma kundin Guinness ya tabbatar babu irinta a tsayi a duniya. Ƙyallin da kake gani ba fitila ba ce, hasken rana ne da madubai kusan 70,000 da aka jera kewaye da ita suke tattarowa su harba zuwa kanta, kowane madubi da ɗan injinsa da ke juya shi a hankali yana bin rana daga safe har yamma. Da muka matso kusa na ga abin da hoto ba ya nunawa, saboda akwai ƙura a iska sai ka ga zaruruwan haske dubbai suna tashi daga ƙasa ta ko'ina suna haɗuwa a wuri guda a sama, har a gefen kan hasumiyar akwai wani dunƙulen haske yana rataye a iska ba ya jingine da komai, madubai ne da aka kawar da su gefe kaɗan suna jiran a buƙace su. Na daɗe ina kallo har idona ya fara ruwa. Wanda duk zai je ya riƙe baƙin gilashi, kamfanin bai faɗa mana ba kuma ya kamata ya faɗa.

A nan ne ɗan jagoran ya fara zubar da kansa. Yaro ne mai fara'a da ladabi, wannan ba zan danne masa ba, amma ya nuna madubai ya ce fanel ne, ya nuna fanel ya ce duk abu ɗaya ne. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon ɗan kasuwar yadi da ya daɗe yana zuwa Dubai, ya taɓa ni ya ce, "Yaro, tambayar min shi, duk wannan abin ai da rana ne, to in rana ta faɗi fa? Garin nan da dare ma wuta yake sha." Na fassara masa, sai yaron ya ce wai akwai manyan batira a ƙarƙashin hasumiyar. Na juya na ce, "Ranka ya daɗe Baba Alhaji, ba batir ba ne, gishiri ne." Baba ya ce gishiri kamar yaya, daga nan sai rabin motar suka juyo wajena.

Abin da ke faruwa shi ne, ba gishirin miya ba ne, haɗin sinadaran nitret na sodiyam da fotasiyam ne da ake narkar da shi ya zama ruwa. Ana turo shi da famfo daga wani ƙaton tanki ya hau can kan hasumiyar inda hasken madubai ke haɗuwa, ya yi zafi har ya haura digiri 560, ya sauko ya shiga wani tankin mai kaurin rufi da ke riƙe zafi kamar yadda fulas ke riƙe shayi. In dare ya yi sai a riƙa ɗibar wannan gishirin ana tafasa ruwa da shi, tururi ya juya injin, injin ya ba da wuta, gishirin ya koma tankin farko yana jiran safiya. Kuma ko a tankin da ake kira mai sanyi ɗin ma zafinsa wajen digiri 290 ne, don in aka bari ya huce ya daskare a cikin bututu an shiga uku. Hasumiyar tana iya ba da wuta har awa 15 ba rana. Ita kaɗai megawat 100 ce, sai wasu megawat 600 daga wani nau'in madubai masu lanƙwasa, dogaye a jere, da ke tattara haske a kan bututun da mai ke gudana a ciki, su ma suna ajiye zafi a gishiri, sai kuma megawat 250 na fanel irin wanda muka sani, jimla 950. ACWA Power ta Saudiyya da asusun Silk Road na Sin ne abokan DEWA a wannan kashin, Shanghai Electric ta yi ginin, aka ƙaddamar da shi a Disambar 2023 daidai lokacin COP28, taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Dubai. Tambayar Baba Alhaji ita ce babbar tambayar duk harkar sola, kuma amsarta tana tsaye a gabanmu mita 263, amma wanda aka biya don ya ba da amsar bai san ta ba. Wannan ya ba ni haushi sosai, ba don kaina ba, don mutanen da suka zo ranar da babu mai aikin wuta a motarsu.

Daga nan muka shiga cibiyar ƙirƙire-ƙirƙire da ke cikin tashar, wadda aka buɗe a 2020, gini ne dogo mai murɗaɗɗiyar siffa da ake hangowa daga nesa. Ciki akwai sanyi da tsafta, an baje bayanai kan haske da wutar lantarki da yadda ake tace ruwan teku da tarihin wuta a Dubai, akwai abubuwan da yara za su taɓa su gwada, ma'aikatan wurin kuma sun san aikinsu, in ka tambaye su suna ba ka amsa mai ma'ana. Abin da ya fi min shi ne hawa sama ka leƙa, don daga ƙasa ba ka gane girman wurin, shinge kawai kake gani da layin farko na fanel. Daga sama kuwa layuka ne baƙaƙe har inda ido ya ƙare. Matsalar ita ce kamfaninmu ɗan lokaci kaɗan ya ba mu a ciki, muna tsaka da karatu yaron ya fara kiran a koma mota.

Labarin da na so a ba mutane, wanda ni a ganina ya fi tsayin hasumiya muhimmanci, shi ne labarin farashi, kuma 'yan kasuwa ne a motar, su ne za su fi kowa gane shi. An sanar da aikin a 2012, kashi na farko ya fara aiki a Oktoban 2013 da megawat 13 kacal, abu ɗan ƙarami na gwaji. Kashi na biyu megawat 200 aka buɗe a Maris 2017, ACWA Power ce ta ci kwangilar a kan santi 5.84 na dalar Amurka kowane kilowat na awa ɗaya, a lokacin mutane da yawa a harkar cewa suka yi ba zai yiwu ba. Kashi na uku megawat 800, Masdar ta Abu Dhabi da EDF ta Faransa, farashi ya faɗo santi 2.99, aka kammala a 2020. Kashi na biyar megawat 900 santi 1.69, aka buɗe a 2023. Na shida megawat 1,800 na Masdar ya sake sauka zuwa santi 1.62. In ka mayar da shi kuɗin nan, tunda dala ɗaya dirhami 3.67 ce, dirhami ɗaya kuma fils 100 ne, an taso daga wajen fils 21 an dawo fils 6 a cikin shekaru ƙasa da goma. A Abu Dhabi ma haka, Noor Abu Dhabi da ke Sweihan mai megawat 1,177 da fanel miliyan 3.2 ta fara a 2019 a kan santi 2.42, Al Dhafra mai megawat 2,000 ta zo da santi 1.35. Wutar gishirin nan kuwa santi 7.3 ce, wajen fils 27, ta ninka ta fanel sama da sau huɗu, kuma wannan bambancin shi ne kuɗin dare. Wutar rana tsaka ta zama kusan kyauta, wutar bayan magariba ce mai tsada.

Me ya sa ya yi arha haka? Ba rana kaɗai ba ce, duk da ranar tana nan kusan kullum. Fili ne ga shi nan shimfiɗe ba rigimar diyya, fanel daga Sin farashinsu ya faɗi warwas a shekarun nan, sannan babban abin shi ne bashi. Gwamnati ba ta ɗaukar kuɗi ta gina da kanta, gasa take sawa, kamfanin da ya kawo mafi ƙarancin farashi ya ci, a kafa kamfanin haɗin gwiwa DEWA ta riƙe kaso mafi tsoka, a sa hannu cewa za ta sayi duk wutar na shekaru 25, na Noor Energy 1 ma shekaru 35 ne. Banki in ya ga mai sayen da ba ya ƙin biya, ga kuɗin ƙasa a ɗaure da dala, sai ya ba da bashi da ruwa kaɗan, kuma a sola kusan duk kuɗin a farko ake kashe su, ba man da za a riƙa saya kullum, don haka arhar bashi ita ce arhar wuta. Wani a motar ya ce to in fils 6 ne me ya sa matakin farko na bil ɗin gida yake fils 23? Tambaya ce mai kyau. Fils 6 ɗin farashin bakin tasha ne da rana tsaka, bai haɗa da wayoyi da tiransifoma da ma'aikata ba, bai haɗa da injinan gas da dole su kasance a shirye don dare da ranar da ƙura ta rufe sama ba. Duk wannan ɗan jagora mai horo zai iya faɗa cikin minti biyar.

Maimakon haka abin da yake ta maimaitawa shi ne wai Dubai ta gama da mai da gas, yanzu komai rana ce. Wannan ba gaskiya ba ne kuma babu buƙatar a faɗe shi, don gaskiyar ta fi tallar daɗin ji. Ka haɗa kashi na ɗaya zuwa na biyar za ka samu megawat 2,863, in na shida ya cika a kai 4,663. Rukunin tashoshin Jebel Ali da ke bakin teku su kaɗai megawat 9,547 ne, duk gas suke ƙonawa, suna ba da wuta suna tace ruwan sha, su ma suna cikin Guinness. Hassyan mai megawat 2,400 da aka gina don kwal an mayar da ita gas a 2022. Sannan megawat ɗin fanel da megawat ɗin gas ba ɗaya ba ne a aiki, injin gas zai iya yin dare da rana, fanel kuwa in ka lissafa shekara gaba ɗaya wajen rubu'in ƙarfinsa yake bayarwa tunda rabin lokaci dare ne kuma safiya da yamma hasken ba ƙarfi. Don haka har yanzu mafi yawan wutar da ke sanyaya ɗakinka a watan Agusta da ƙarfe goma na dare daga gas take. Tsarin komawa makamashi mai tsafta da aka sa a gaba zuwa 2050 ne, ba a kai ba tukuna.

Kuma mutane suna ruɗa Dubai da Abu Dhabi. Man Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sama da kashi 90 cikin ɗari yana Abu Dhabi ne, wadda ta fara fitar da shi tun 1962. Dubai ta samu nata a rijiyar Fateh a 1966, ta fara sayarwa a 1969, amma yau kaso kaɗan ne ƙwarai a tattalin arziƙinta, kuma gas ɗin da take ƙonawa saye take yi, wani ma daga Katar yake zuwa ta bututun Dolphin tun 2007. Kaga kenan ga Dubai kowane kilowat da rana ta bayar gas ne da ba ta saya ba. Ga Abu Dhabi kuma gas ne da bai ƙone a gida ba, za a iya sayar da shi waje ko a ba masana'anta. Lissafi ne na 'yan kasuwa, kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba, hasali ma shi ya sa nake ganin abin zai ɗore, don aikin da aka yi saboda riba ba a watsar da shi in shugabanni sun canja ra'ayi. Amma a faɗi ɗaya gefen ma, kamfanin man Abu Dhabi, ADNOC, yana ƙara ƙarfin haƙo zuwa ganga miliyan 5 a rana, kuma shugabansa Sultan Al Jaber shi ne ya jagoranci COP28, shi ne kuma shugaban hukumar Masdar. Ƙasa ɗaya ce take rage ƙona gas a gida take kuma ƙara sayar da mai a waje, ga tashar nukiliya ta Barakah mai megawat 5,600 a gefe. Wanda ya damu da zafin da duniya ke ƙarawa, kamar yadda ni na damu don a kan rufi nake wuni, dole ya riƙe duka biyun a ransa, kada a ɓoye masa ɗaya. Manya ne a motar masu hankali, sun cancanci a ba su cikakken labari.

Sai maganar ƙura, wadda ko sau ɗaya bai ambata ba alhali ita ce abokiyar gabar kowa a wannan sana'ar. Mutane suna zaton hamada aljannar sola ce, toh rana akwai, amma ga ƙura ga zafi. A bakin shinge na tsaya na ƙura wa layin fanel na farko ido, kowane layi yana kan ƙarfe ɗaya dogo da ke juya shi daga gabas zuwa yamma, in ka yi shiru za ka ji ɗan ƙarar inji na daƙiƙa biyu sannan duk layin ya ɗan karkata ya tsaya. A ƙarshen layin akwai wata na'ura mai buroshi a ajiye, ita ce ke bi ta kan gilashin tana share shi ba tare da ruwa ba, don ruwa a nan daga teku ake tace shi da kuɗi. Ni na san abin da ƙurar nan ke yi, a kan rufi in aka bar fanel makonni ba wanki, raɓar asuba ta sauka a kan ƙura rana ta gasa ta, sai ta zama wani ɓawo da iska ba ta ɗauke shi, mai gida ya kira yana cewa inbata ta lalace alhali datti ne kawai. Madubai ma sun fi shan wahala, don su hasken da ya zo kai tsaye kawai suke iya tattarawa, in sama ta yi hazo fanel zai ci gaba da ba da wani abu amma hasumiya ƙarfinta ya ragu sosai. Zafi kuma ba abokin fanel ba ne, ƙarfin da aka rubuta a jikinsa a digiri 25 aka auna, duk digiri ɗaya sama da haka yana rasa wajen kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari, kuma da bazara gilashin yana haura digiri 60 cikin sauƙi. Shi ya sa sababbin kasoshin suke amfani da fanel mai fuska biyu, bayansa ma yana kama hasken da yashi ya mayar, a ɗan rage asara.

Kuma duk wannan ƙarfe da gilashi mutane ne suka kafa shi da hannu, akasari leburori daga Indiya da Pakistan da Bangladesh da Nepal da Sin da ƙasashen Afirka. Dokar ƙasar ta hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfe a watan Yuli ya san dalili. Na so a ce ko jimla ɗaya an yi a kansu a bayanin tafiyar.

Abu na ƙarshe da ya rage wa kamfanin maki shi ne tallar. Hoton da suka turo ya nuna mutane tsaye kamar a gindin hasumiya cikin madubai, kuma saƙon ya ce za a shiga cikin tasha. Ba a shiga. Tasha ce mai aiki, ga wuta mai ƙarfi ga gishiri mai digiri ɗari biyar da wani abu, daidai ne a hana 'yan yawo shiga kuma ni ma da ni ne mai tsaro ba zan bari ba, laifin na wanda ya yi alƙawarin abin da ya san ba a hannunsa yake ba ne. Daga bayan shinge da kuma daga saman cibiyar ake kallo, kuma hakan ma ya isa wallahi, da sun faɗi gaskiya ba wanda zai fasa zuwa. Sannan lokacin da suka rage mana a cibiyar ashe a tafkunan Al Qudra za a kashe shi, aka tsaya ɗaukar hoto da tsuntsaye fiye da yadda aka tsaya a wurin da muka biya don shi. Tafkunan suna da kyau, amma wannan tafiya daban ce. Da muka yi ƙorafi a WhatsApp sun ba da haƙuri cikin ladabi, sun ce za su duba, ba su mayar da ko fils ba, mu ma ba mu nema ba.

In za ka je, ka je tsakanin Nuwamba da Maris, da bazara zafin ya haura digiri 45 ba za ka iya tsayuwa a waje ba balle ka more. Ka nemi tafiyar bayan azahar yadda za ka tarar da hasumiyar tana ci sosai sannan ka ga yadda take dusashewa in rana ta yi ƙasa, layukan fanel duk sun karkata yamma. Kafin ka tura kuɗi ka tambaye su a rubuce minti nawa za a yi a cikin cibiyar, ko sun riga sun kama muku wuri a can, da kuma ko ɗan jagoransu ya san bambancin madubi da fanel, in amsar ta zo a dunƙule ka nemi wani kamfanin. Masu mota kuwa gaskiya ba ku buƙatar kamfani, hanyar kwalta ce lafiya lau, ku duba lokutan buɗewar cibiyar a shafin DEWA ku yi rijista da kanku, ku cika tanki tun daga gari, ku ɗauki ruwa da yawa. Masu yara ku je da su, musamman waɗanda suka fara kimiyya a makaranta, kuma ku ce wa direba ya bi ta gefen kashi na shida da aka fara buɗewa kashi-kashi a 2024, mu sai da muka matsa kafin aka bi da mu ta can.